Kowa da Kiwon da Ya Karɓe Shi: Ɗanɗanon Mai Karatu da Hanyar Shiga Labaran Bincike

A cikin rassan ƙagaggun labarai babu wanda ake yanke wa hukunci tun kafin a buɗe shi kamar labarin aikata laifi da bincikensa, domin masu karatu da yawa, musamman waɗanda suka tashi da littattafan soyayya ko na tarihi ko na tarbiyya, sukan ɗauka cewa duk littafin da aka zana bindiga ko gawa a bangonsa abu guda yake ɗauke da shi, wato jini da harbe-harbe da tseren motoci. Wannan zato bai yi wa reshen adalci ba, saboda gida ne mai faɗi wanda mazauna cikinsa suka sha bamban a manufa da salo, har ta kai ga mai ƙaunar ɗaya daga cikinsu yana iya kasa jure shafi goma na wani. Ra'ayin da wannan maƙala take karewa shi ne cewa mafi yawan waɗanda suka ce ba sa son irin waɗannan labarai sun yi rashin dace ne da marubucin da aka fara miƙa musu, kuma hanya mafi sauƙi ta gano wanda zai dace da mutum ita ce a duba abin da yake nema a wajen marubutan da ya riga ya ɗauka gwanayensa, ko da kuwa ba su taɓa rubuta labarin kisan kai ba.

Yana da kyau a fara da bambance kalmomi biyu da akan cakuɗa. Labarin laifi shi ne duk ƙagaggen labarin da aka gina zarensa a kan wata ta'asa, kamar kisa ko sata ko zamba ko fasa-ƙwauri, ko da kuwa mai karatu ya san mai laifin tun daga shafin farko. Labarin bincike kuwa wani yanki ne na wancan, wanda a cikinsa ake ɓoye wa mai karatu wani abu, sannan a kawo mutum guda, ɗan sanda ko mai zaman kansa, ya bi alamu har ya warware ɗaurin gwarman. Shi kuma ɗanɗanon karatu, a ma'anar da ake nufi a nan, shi ne irin tambayar da ke hana mutum ajiye littafi ko da barci ya cika masa ido. A wannan reshe tambayoyin huɗu ne: ta yaya aka aikata, wa ya aikata, me ya kai shi ga aikatawa, kuma wace irin al'umma ce ta bar abin ya faru. Kusan kowane babban marubuci a fagen ya fi karkata ga ɗaya daga cikinsu, kuma kowane mai karatu haka yake, ko ya sani ko bai sani ba.

Tunanin da ke ƙarƙashin labarin bincike ba baƙo ba ne ga wanda ya zauna a zauren malamai. Masana fiƙihu suna da abin da suke kira ƙarina, wato alamar da ke tattare da wani lamari wadda alƙali zai iya fahimtar gaskiya daga gare ta idan babu shaidu ko iƙirari, kuma Ibnul Ƙayyim ya yi dogon bayani a kanta a littafinsa Aɗ-Ɗuruƙul Hukmiyya, inda ya kafa hujja da ƙissar rigar Annabi Yusuf, alaihis salam, wadda yagewarta ta baya ta nuna wanda ya gudu da wanda ya bi, da kuma hukuncin Annabi Sulaiman, alaihis salam, tsakanin mata biyu da suka yi jayayya a kan jariri. A ɓangaren hikaya kuma, masu karanta Dare Dubu da Ɗaya za su tuna labarin tuffa uku, inda masunci ya jawo akwati daga kogin Dijla a Bagadaza, aka buɗe aka tarar da gawar wata mace, Halifa Haruna Rashidu ya ba wazirinsa Ja'afaru kwana uku ya kawo wanda ya kashe ta ko shi a rataye shi. Duk kayan haɗin labarin bincike suna nan: gawa, wa'adi, mutum biyu da kowanne ke cewa shi ne ya yi kisan, da wata 'yar alama da ta tona asiri. Abin da ya rage kawai shi ne binciken kansa, domin Ja'afaru ya zauna gida ne yana jiran ajali, sai dace ya sa ya ci karo da tuffar a aljihun 'yarsa lokacin da yake yi mata bankwana. Labarin bincike na zamani ya samu ne a ranar da marubuta suka cire dace daga wannan gurbi suka saka hankali.

Wanda aka fi jingina wa wannan sauyi shi ne Edgar Allan Poe, Ba'amurken da ya wallafa The Murders in the Rue Morgue a 1841, inda wani mutum mai suna Dupin ya bayyana yadda aka kashe mata biyu a wani ɗaki a Paris da aka tarar a kulle ta ciki. Sai dai wanda ya mayar da tsarin abin sha'awar duniya shi ne Arthur Conan Doyle, likita wanda ya yi karatu a Edinburgh a hannun wani malami mai suna Joseph Bell, mutumin da ya shahara da gane sana'ar majinyaci da inda ya fito ta hanyar kallon hannunsa da takalminsa da tafiyarsa. Daga wannan malami Doyle ya ƙera Sherlock Holmes, wanda ya fara fitowa a 1887 ya kuma ci gaba a dogayen labarai 4 da gajeru 56. Ganawar Holmes ta farko da abokinsa Likita Watson ta isa misalin dukan salon: ya dubi baƙon ya ga alamar likita amma da tsayuwar soja, fuskarsa ta ƙone da rana alhali wuyan hannunsa fari ne, yana riƙe da hannun hagu a sandare kamar wanda ya ji rauni, sai ya haɗa waɗannan ya gane cewa daga yaƙin Afganistan ya dawo. Mai karatun da ke jin daɗin irin wannan shi ne mai son tambayar "ta yaya", wanda a ƙuruciyarsa ya fi kowa son kacici-kacici, wanda kuma idan ya karanta Magana Jari Ce dabarun da ake warware shari'a da su suka fi burge shi fiye da yaƙe-yaƙe. Ƙaunar masu karatu ga Holmes ta kai ga lokacin da Doyle ya gaji da shi ya kashe shi a 1893, matsin lambarsu da tayin masu ɗab'i suka sa ya dawo da shi da rai bayan shekara goma.

Tambayar "wa ya aikata" ta sami gwanarta ne a wajen Agatha Christie, wadda ta rayu daga 1890 zuwa 1976 ta kuma bar littattafan bincike 66. Tsarinta ya yi kama da wasan dara: a tara mutane ƙalilan a wuri guda da ba a fita, kamar gidan wani attajiri a ƙauye ko jirgin ƙasan da dusar ƙanƙara ta tsayar, a kashe ɗaya, a nuna cewa kowa yana da dalilin so ya mutu, sannan a baje dukan alamu a gaban mai karatu ta yadda zai gan su amma ya ba su fassarar da ba ita ba. Masu bincikenta biyu ne suka fi suna, Hercule Poirot, tsohon ɗan sandan Beljiyam mai gudun hijira a Ingila wanda ya fara fitowa a 1920, da Miss Marple, tsohuwa mai saƙa wadda duk iliminta na laifi daga lura da halayen mutanen ƙauyensu ta same shi. A zamanin Christie an ɗauki wannan wasa da muhimmanci har wani limamin coci kuma marubuci, Ronald Knox, ya tsara masa ƙa'idoji goma a 1929, daga ciki akwai cewa dole a ambaci mai laifin tun farkon labari, ba a yarda aljani ko tsafi ya warware matsala ba, ba a yarda dace ya taimaki mai bincike ba, kuma duk alamar da ya gani dole a nuna wa mai karatu ita nan take. Manufar ƙa'idojin ita ce adalci tsakanin marubuci da mai karatu, ta yadda idan aka kai ƙarshe wanda aka kayar zai koma baya ya ga cewa ba a zalunce shi ba, shi ne bai lura ba.

Akwai wani abu a rayuwar Christie da ke nuna cewa wannan wasa yana buƙatar sani na gaske. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ta yi aiki a ɗakin haɗa magunguna na wani asibiti a garinsu Torquay, inda ta koyi guba iri-iri da awonsu da alamominsu a jikin mutum, shi ya sa kisa da guba ya fi yawa a littattafanta. A littafinta The Pale Horse na 1961 ta siffanta yadda wani sinadari mai suna taliyam ke kashe mutum a hankali, da zubewar gashi a matsayin alamarsa mafi fitowa fili. A 1977 aka kwantar da wata jaririya daga Ƙatar a wani asibiti a Landan da ciwon da ya gagari likitoci ganewa, sai wata ma'aikaciyar jinya da ke karanta wannan littafi ta lura cewa alamomin sun yi daidai, aka yi gwaji aka tabbatar, aka ceto yarinyar. Marubucin da ke son a yarda da ƙaryarsa dole ya gina ta a kan gaskiyar da ba za a iya ƙaryatawa ba, kuma mai karatun da ke son tsari da tsafta a labari, wanda ke jin haushin marubucin da ya manta da abin da ya faɗa a babi na biyu, a wajen Christie zai sami abin da yake nema.

Mai karatun littattafan soyayya da na zaman aure, wanda shi ne ya fi yawa a kasuwar littattafan Hausa, galibi tambaya ta uku ce tasa, domin abin da ke riƙe shi a labarin kishiya ko na uwar miji shi ne son sanin abin da ke cikin zuciyar mutum har ya kai ga cutar da na kusa da shi. Irin wannan mai karatu idan aka miƙa masa labarin ɗakin da aka kulle ta ciki zai ga kamar lissafi aka ba shi, amma idan aka haɗa shi da Georges Simenon zai ji kamar ya dawo gida. Simenon ɗan Beljiyam ne da ya yi rubutu da Faransanci, ya kuma rubuta dogayen labarai 75 a kan Kwamishina Maigret na 'yan sandan Paris tsakanin 1931 da 1972, abin da ya sa masu karatu a Nijar da Chadi da Kamaru za su iya karanta shi a harshensa na asali. Maigret ba ya rarrafe da madubi yana neman tokar taba. Yakan shiga unguwar da abin ya faru, ya zauna a shagon shayin da mamacin ya saba zama, ya saurari mai gadi da mai wanki da maƙwabciya, ya bar rayuwar gidan ta shige shi har ya fahimci wulaƙancin shekara ashirin da ya sa wani magidanci mai haƙuri ya ɗaga hannu rana ɗaya. Tushen wannan hanya yana wajen Dostoyevsky na Rasha, wanda a Crime and Punishment na 1866 ya nuna kisan tun farko sannan ya shafe sauran littafin yana bin mai laifin yadda zuciyarsa ke cinsa, ita kuma Patricia Highsmith ta kai hanyar matuƙa a 1955 da Tom Ripley, maƙaryacin da mai karatu kan tsinci kansa yana fatan kada a kama shi, sannan ya ji kunyar fatan.

Tambaya ta huɗu ta taso ne a Amurka a shekarun da aka haramta sayar da giya, daga 1920 zuwa 1933, lokacin da haramcin ya azurta ƙungiyoyin 'yan daba har suka sayi 'yan sanda da alƙalai da 'yan siyasa a manyan birane. Dashiell Hammett, wanda ya yi aiki da kamfanin bincike na Pinkerton kafin ya koma rubutu, ya fitar da Red Harvest a 1929, labarin wani gari mai ma'adinai da mai kamfani ya gayyato 'yan daba su murƙushe yajin aiki, daga baya suka ƙwace garin. Raymond Chandler, wanda bai fara rubuta labaran laifi ba sai bayan da ya rasa aikinsa a kamfanin mai a 1932, ya biyo baya da mai bincike Philip Marlowe na Los Angeles a 1939. A irin waɗannan labarai gano wanda ya harba bindiga ba ya kawo ƙarshen komai, domin wanda ya aiko shi yana zaune a babban gida kuma gobe shi za a gayyata buɗe asibiti. Chester Himes, baƙar fatan Amurka da ya fara rubutu a kurkuku ya kuma koma Faransa da zama a 1953, ya kai salon unguwar Harlem da 'yan sanda biyu baƙaƙen fata da ke aiki tsakanin talaucin mutanensu da dokar da ba ta ɗauke su da daraja ba. A Suwidin ma Maj Sjöwall da Per Wahlöö sun rubuta littattafai goma tsakanin 1965 da 1975 da niyyar amfani da binciken 'yan sanda wajen tona aibin ƙasar da duniya ke yabo. Duk wanda gwanayensa su ne marubutan siyasa da na sukar al'umma, wanda ya fi son shafin sharhi a jarida fiye da shafin wasanni, nan ce ƙofarsa.

Abin da ya faru a Nijeriya shi ne cewa tsararraki guda sun shiga wannan gida ta ƙofa ɗaya tak. Daga shekarun 1970 zuwa na 1990 da wuya a sami makarantar sakandare ta kwana da littattafan James Hadley Chase ba sa yawo a cikinta daga hannu zuwa hannu, bango ya yage, an like shi da salatif, wani lokaci shafin ƙarshe ya ɓace sai an nemi wanda ya riga ya karanta ya ba da labarin yadda aka ƙare. Chase Bature ne ɗan Landan mai suna René Raymond, wanda ya yi sana'ar sayar da littattafai kafin ya fara rubuta su, ya kuma bar kusan 90, mafi yawansu a kan Amurkar da bai zauna cikinta ba, sai dai ya dogara da taswira da ƙamus na karin maganar 'yan daba. Gwanintarsa ba abin musu ba ce: Turancinsa mai sauƙi ne, babinsa gajere, kuma ya iya nuna yadda kwaɗayi ke jan ƙaramin ma'aikaci zuwa shirin da tun farko an san zai rushe. Dubban ɗalibai a wajensa suka koyi karanta littafi daga farko har ƙarshe ba don jarrabawa ba. Amma tun a 1944 George Orwell ya soki littafinsa na farko, No Orchids for Miss Blandish na 1939, da cewa yana ɗaukaka ƙarfi da mugunta, kuma hotunan mata da bindigogi da ke bangon littattafan sun sa iyaye da malamai sun yi wa dukan reshen kuɗin goro. Wanda Chase ya yi masa ya ɗauka ya gama sanin labarin laifi, wanda kuma bai yi masa ba ya ɗauka ba shi da rabo a ciki, dukansu biyu kuwa ɗaki guda suka leƙa.

Marubutan gida ba su yi zaune ba. Jerin littattafan Pacesetters da kamfanin Macmillan ya fara fitarwa a 1977 ya kawo labaran fasa-ƙwauri da fashi da cin amana da aka gina a biranen Afirka, ciki har da The Smugglers na Kalu Okpi da The Undesirable Element na Mohammed Sule ɗan Kano. A Hausa kuwa laifi ya daɗe a tsakiyar ƙagaggen labari. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafan farko na shekarun 1930, labari ne na ƙwacen budurwa da ramuwar gayya da yadda sharrin ya sauka a kan ɗan da bai ji ba bai gani ba. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya bi saurayin da ya bar ƙauye ya faɗa hannun ɓata-garin birni. A 1982 aka sami Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina a kan fasa-ƙwauri da rashawa, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare a kan Mailoma da ta'asar da ta biyo bayan yaƙin basasa. Dukansu labaran laifi ne masu ƙarfi, kuma dukansu tambaya ta uku da ta huɗu suke amsawa. Abin da bai kafu ba shi ne mai binciken da ke dawowa littafi bayan littafi har sunansa ya zama na kowa, irin Bwana Msa da Muhammed Said Abdulla na Zanzibar ya ƙirƙira da Swahili a littafin da ya fito a 1960, ko Lapade, tsohon ɗan sandan da Oladejo Okediji ya fito da shi da Yarabanci a 1969.

Ana iya neman dalilin wannan giɓi a cikin yadda labarin Hausa ya saba kallon sakamako. Karin maganar da ke cewa alhaki kwikwiyo ne mai shi yake bi, wadda Balaraba Ramat Yakubu ta yi wa littafinta suna da ita, tana ɗauke da wata fahimta cikakkiya ta adalci: mai laifi ba ya buƙatar wanda zai farauto shi, domin laifinsa da kansa zai kamo shi, ta hanyar ciwo ko karayar arziki ko tonon asiri a bakin wanda bai zata ba. Fahimta ce mai tushe a addini da al'ada, kuma ta haifar da littattafai masu taɓa zuciya, amma a fagen sana'ar rubutu tana da haɗari guda, wato takan ba marubuci rangwamen da bai kamata ya samu ba. Idan labari ya cuɗe, sai a kawo haɗarin mota ko mafarki ko boka ya yi iƙirari a gadon mutuwa, kamar dai tuffar da aka tsinta a aljihun 'yar Ja'afaru. Imani da cewa Allah ba ya barin zalunci bai hana alƙali neman hujja ba, kuma bai kamata ya hana marubuci nuna sababin da gaskiya ta bi ta fito ba. Mai karatun da ya ɗanɗana Christie ko Simenon yakan dawo ga littattafan harshensa da ido mai tambaya, kuma irin wannan ido ne ke tilasta wa marubuta ƙara ƙwazo.

Akwai masu ƙin reshen gaba ɗaya bisa hujjar cewa yana koya wa matasa dabarun ɓarna, kuma wannan magana ba a yi watsi da ita, domin akwai littattafan da ba su da abin sayarwa sai siffanta azaba da tsiraici, waɗanda uba mai hankali ba zai bar su a hannun ɗan shekara goma sha biyu ba. Sai dai tantancewa ake yi tsakanin littafi da littafi, kamar yadda ake yi a littattafan soyayya, inda ba a taɓa cewa a daina rubuta labarin aure don wasu sun wuce gona da iri ba. Labarin bincike na gaske yana tsaye ne a kan aƙidar cewa ran mutum guda, ko da na almajiri ne ko na 'yar aiki, ya cancanci a tsayar da komai a gano wanda ya ɗauke shi, kuma yana horar da mai karatu ya bambance zargi da hujja, ya yi shakkar wanda kowa ya nuna da yatsa, ya tambayi wanda ya ce ya gani a ina yake tsaye lokacin da ya gani. A zamanin da hoto guda a WhatsApp ke iya tara jama'a su yanke wa mutum hukunci a bakin titi kafin a tambaye shi sunansa, al'ummar da matasanta suka saba jinkirta hukunci har zuwa babin ƙarshe ba ta yi asara ba.

Shi kuma wanda yake da gwanin marubuci, ya kamata ya lura da cewa ƙauna irin wannan tana iya zama ƙofa, tana kuma iya zama katanga. Amfanin gwani shi ne ya bayyana wa mutum ɗanɗanonsa, don haka wanda ya ce wance ce gwanarsa sai ya tambayi kansa abin da yake samu a wajenta: sarƙaƙiyar zare ce, ko zurfin hali, ko zafin suka, ko daɗin harshe. Amsar ita za ta nuna masa inda zai dosa, har zuwa marubutan Nijeriya na yanzu, kamar Oyinkan Braithwaite wadda littafinta na 2018 a kan 'yan'uwa mata biyu a Legas ya fi kusa da masu son labarin zumunci da kishi, ko Leye Adenle da Femi Kayode ga masu son ganin birni da hukumominsa tsirara. Yana da amfani a fara da gajerun labarai kafin dogaye, a kuma ba wa sabon marubuci shafi hamsin kafin a sallame shi, ba tare da jin cewa ajiye littafin da bai karɓi mutum ba gazawa ce. Ladabi guda ne masu wannan karatu suka yi ittifaƙi a kansa a ko'ina, shi ne kada wanda ya gama ya faɗa wa wanda bai gama ba sunan mai laifin.

Ga marubutan Hausa kuwa, gurbin da ba a cike ba yana nan a buɗe, kuma cike shi ba ya buƙatar a kwaikwayi Baturen da ke zuƙar lofe a Landan. Darasin Miss Marple shi ne cewa mai bincike na ƙwarai shi ne wanda sana'arsa ko matsayinsa ke ba shi damar shiga inda wasu ba sa shiga, ya ji abin da ba a faɗa wa hukuma. Dillaliyar da ke shiga gida goma a yini ta san wadda ta sayar da sarƙarta a ɓoye da ranar da ta sayar, mai unguwa ya san baƙon da ya kwana da wanda ya kawo shi, ungozoma da mai wankan gawa suna ganin abin da jiki ke faɗa bayan baki ya yi shiru, magatakardan kotun shari'a ya san gadon da aka raba da wanda aka hana, shi kuma tsohon mai bin sawu yana iya karanta turɓaya kamar allo. Kowane ɗayansu zai iya ɗaukar jerin littattafai goma, muddin marubucin ya yarda ya baje alamunsa a fili tun farko, ya kuma hana kansa kiran boka ko haɗarin mota a babin ƙarshe. Masu karatun da suka haddace sunayen taurarin littattafan soyayya na shekara talatin za su iya haddace sunan dillaliya guda da ta iya tambaya.